Yafiyar da Na'Allah Ya Janye

A tashar mota ta Ƙaura Namoda, idan baƙo ya tambayi Na'Allah direba, sai an ɗan yi jim kafin wani ya gane cewa Ba-komi ake nufi. Sunan ya bi shi fiye da shekara ashirin, har matarsa takan kira shi da shi in tana jin tsokana. Dogon mutum ne siriri, furfura ta cika masa gemu amma ba ta taɓa kansa ba, yana tafiya a hankali kamar mai gudun taka wani abu mai rai. In fasinja ya sauka ya ce kuɗinsa bai cika ba, sai ya ce ba komi. In ɗan kabu-kabu ya goge masa gefen mota, ba komi. In wani direba ya tsallake layi ya yi lodi a gabansa, sai ya gyara zama a kan benci ya ce kowa da rabonsa.

An haife shi a bayan tashar jirgin ƙasa, inda layin dogo ya zo ya ƙare. Mahaifinsa ɗan dako ne, mai loda buhunan gyaɗa da auduga a tarago, kuma shi ma haka aka san shi, ba ya riƙe mutum a zuciya. Na'Allah ya yi allo, ya yi aji huɗu a firamare, daga nan ya bi wata babbar mota a matsayin karen mota. A bayan wannan motar ya haɗu da Halilu, tsaransa, suka girma tare a kan buhuna tsakanin Ƙaura da Sakkwato, suka koyi tuƙi a hannun mutum ɗaya. Halilu mai tattali ne, ya tara har ya sayi motarsa, wata jar Gwalf mai ɗaukar mutum shida in an matsu. Na'Allah kuwa bai taɓa tara abin da zai sayi ko taya huɗu ba. Halilu yakan ce masa, da za a ba shi riƙon garin Ƙaura da safe, kafin la'asar ya yafe rabinsa.

Shekara huɗu da suka wuce ciwo ya kwantar da Halilu, ya miƙa wa Na'Allah makullin motar. Da jikin ya yi tsanani, ya kira shi ya ce masa abu ɗaya kawai, kada ya bari motar nan ta kwanta. Ya rasu ya bar matarsa Murja da yara huɗu, babbarsu Mubaraka tana aji biyu a sakandare.

Yayan marigayin, Magaji, shi ne waliyyin marayun. Manomi ne, bai yarda da dukiyar da ke gudu a kan titi ba. Tun ranar addu'ar arba'in ya kawo shawarar a sayar da motar a saya wa yaran gona. Murja ta roƙe shi, ta ce gona sau ɗaya take ciyarwa a shekara, mota kuwa kullum tana kawo cefane da kuɗin makaranta. Magaji ya yarda, amma da sharaɗi: motar za ta ci gaba da aiki muddin tana ɗaukar nauyin kanta, ranar da ta buƙaci gyaran da ya fi ƙarfin abin da ta ajiye, ranar za a kira dillali. A kan haka aka zauna. Kullum kafin magariba Na'Allah yakan yi sallama a zauren gidan, Mubaraka ta fito ta karɓi abin da aka samu ta kai wa uwarta, shi kuma ya wuce gida. Shekara huɗu bai ba Magaji dalilin ɗaga maganar ba. Yana canja baƙin mai a kan lokaci, yana duba ruwa tun kafin ya karya kumallo, yana rage gudu tun daga nesa in ya hango rami.

Wata Alhamis ta farkon kaka, ranar kasuwar Shinkafi, ya yi lodin komawa Ƙaura, fasinja biyar sun shiga ana jiran ɗaya. A gabansa akwai wata motar kaya, Kanta, da aka cika da buhunan gero, mai ita yana neman hanyar fita. Ya dawo baya bai gani ba, ƙarfen gindin Kantar ya shige ta gaban jar motar. Aka ji ƙara, sai ga ruwa mai zafi yana tsiyaya a kan yashi yana tururi. Ƙarfen ya huda lagireto, wato tankin nan mai siraran bututu da ke gaban inji, wanda ruwan zafi ke bi ta cikinsa iska ta sanyaya shi.

Nan take mutane suka taru. Mai Kantar ya sauko hannu biyu a ka. Jafaru ne sunansa, mutumin Zurmi, ɗan kimanin shekara arba'in, motar tasa ce kuma shi ke tuƙa ta. Dattawan tasha suka fara abin da suka saba: ƙaddara ce, a gode wa Allah tunda ba wanda ya ji ciwo, ƙarfe ne ya taɓa ƙarfe. Duk ido ya koma kan Na'Allah, domin an san shi a Shinkafi kamar yadda aka san shi a Ƙaura, kuma kowa ya san abin da zai ce. Shi ma bai tsaya tunani ba, maganar ta fito da kanta.

"Ba komi. Na yafe."

Aka yi fatiha, aka yi musabaha. Jafaru ya zaro naira dubu biyar ya miƙo, Na'Allah ya mayar masa da hannunsa. Kanta ta tashi ta kama hanya, taron ya watse kowa yana yaba halin Ba-komi.

Sai da aka watse ya tuna la'asar ta gabato, kuma hanyar Shinkafi zuwa Ƙaura ba wadda ake bari rana ta faɗi mutum yana kanta ba ce, saboda 'yan bindiga. Fasinjojinsa huɗu mata ne, biyu da goyo, ba wadda ta yi shirin kwana. Direbobi suka kewaye shi da shawara. Wani ya ce a fasa ƙwai a cikin ruwan, wani ya ce garin barkono, wani ya rantse da garin kuka, ya ce da shi ya taɓa kai mota har Gusau. Wata tsohuwa cikin fasinjojin ta kwance ƙullinta ta ba da tafi biyu na kukar da ta sayo. Aka matse bakin raunin da filaya, aka cusa sabulu, aka zuba kuka, aka cika jarka biyu da ruwa aka sa a but. Sau uku ya tsaya a hanya yana ƙara ruwa, ɗaya daidai kwanar Badarawa, hannunsa a kan jarka idonsa a daji. Ya shiga Ƙaura ana kiran magariba, allurar zafi tana leƙen ja.

Washegari ya tura motar zuwa rumfar Dalhatu mai lagireto, ƙarƙashin wani itacen bedi a bakin titi. Dalhatu taubashinsa ne, saboda haka tsakaninsu babu kara. Ya kwance murfin, ya sa yatsa, ya ɗago shi yana jan yauƙi kore har kamu ɗaya.

"To, Ba-komi, an kaɗa miya," in ji shi. "Saura daddawa da ɗan manda. Ka taho da tuwon ko in aika gida?"

Na'Allah ya yi murmushi, amma bai kai ciki ba. Dalhatu ya ciro lagireton ya jingina shi a rana, ya daɗe yana dubawa, wasan ya bar fuskarsa. Ya nuna masa inda ƙarfen ya yaga bututu tara, da inda tankin roba na gefe ya tsage, sannan ya busa ta sama ya nuna masa yadda iska ta ƙi fita. Kukar ta toshe ramin, gaskiya ne, amma ta toshe rabin sauran bututun ma. Ya ce lagireton dā na tagulla ne, ana liƙe shi da dalma ya koma sabo, na yanzu kuwa alminiyam ne da roba, in ya yi irin wannan rauni sai dai canji. Ga fanka ta karye, ga fitila ɗaya ta fashe. In za a sa na hannu mai kyau, irin wanda ake kawowa daga Kwatano, duka da aiki zai kai dubu ɗari da arba'in. Abin da motar ta ajiye a hannun Murja bai kai rabin haka ba, domin watan da ya wuce aka canja tayoyi.

A nan ne Na'Allah ya tuna da takardar inshora. Tana cikin aljihun gaban mota, a naɗe cikin leda tare da sauran takardu. Halilu yana sabunta ta duk shekara, shi ma ya ci gaba, bai taɓa bari ta mutu ba. Bai taɓa karanta ta ba, kuma bai taɓa fito da ita ba sai a shingen jami'an hanya, amma ya sha jin ana cewa inshora na biyan ɓarna. Ranar Litinin ya sa rigarsa ta Juma'a, ya shiga motar wani a matsayin fasinja, ya tafi Gusau neman ofishin da aka rubuta a kan takardar.

Ya sami wata ma'aikaciya mai suna Malama Rashida, ta ba shi kujera ta saurare shi har ya gama. Ta duba lambar a na'urarta ta ce takardarsa mai kyau ce, ba irin ta bogi da wasu ke bugawa su sayar wa direbobi ba. Zuciyarsa ta yi sanyi. Sai ta ci gaba, a hankali kamar mai gaya wa mutum rasuwa, cewa wannan irin inshorar ba ta gyara motar mai ita. An yi ta ne domin wanda ka yi wa ɓarna. Da shi ne ya bugi Kantar, da kamfaninsu ya gyara wa mai Kantar. Akwai wata iri mai gyara motar mutum kansa, amma kuɗinta ya ninka wannan sau da yawa, kuma ba ita ce a hannunsa ba.

Ya fara naɗe takardar yana shirin cewa ba komi, sai ta tsayar da shi. Ta ce wanda ya buge shi ai shi ma doka ta tilasta masa irin wannan takarda. In tasa mai rai ce, to kamfaninsa ne zai biya gyaran jar motar, ba aljihunsa ba. Ana buƙatar mutumin ya amsa cewa shi ya yi, a samo rahoton 'yan sanda, da hotunan ɓarnar, da takardar kimar gyara daga makanike, kuma kada a ɓata lokaci. Ta rubuta masa su ɗaya bayan ɗaya a wata 'yar takarda. Na'Allah ya karɓa don kada ya ƙi, amma ya gaya mata maganar ta riga ta mutu, domin ya yafe a gaban jama'a, har an yi fatiha.

Da ya dawo Ƙaura da yamma ya tarar da Magaji a zauren gidan marigayi, kuma ya ji labari tun a tasha cewa dillali ya je rumfar Dalhatu ya zagaya motar yana ƙwanƙwasa ta. Magaji bai ɗaga murya ba. Ya ce shi ba ya zargin kowa, amma shi za a tambaya gobe kiyama a kan dukiyar yaran nan, kuma akwai wata gona da ake sayarwa a bayan gari, gona kuwa ba ta da lagireto. Alkawari aka yi, kuma lokacinsa ya zo.

Murja tana tsaye a bayan ƙyauren da ke shiga cikin gida, tana ji. Ta bari Na'Allah ya ba da labarin Gusau duka, har da 'yar takardar, har da dalilin da ya sa ba za a yi amfani da ita ba. Sannan ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Malam, shekara huɗu ban taɓa ganin laifinka ba, yau ma ba laifi nika nema ba. Amma da ka ce ka yafe, wa ka tambaya? Ni uwarsu ce, ban da ikon yafe rabon ɗiyan ga. In naka ne ka yafe, Allah shi ba ka lada. Nasu fa?"

Na'Allah ya dubi tabarmar da yake zaune a kai. Ba ya buƙatar zuwa wurin malami ya tambaya, ya san amsar tun yana makarantar allo, sai dai bai taɓa tunanin maganar ta shafe shi ba. Shi a ganinsa yafiya ba ta taɓa zama laifi. Sai yanzu ya ga cewa ranar Alhamis ɗin nan kyauta ya yi da abin da ba nasa ba, mutane suka yaba masa, yaran Halilu suka biya. Ya roƙi Magaji ya ba shi kwana uku kafin a miƙa wa dillali motar. Magaji ya ce ya ba shi.

Tafiyar Zurmi ba ta da nisa, amma bai taɓa yin tafiyar da ta yi masa nauyi kamarta ba. Tun yana yaro bai taɓa komawa kan maganar da ya ce ta wuce ba. Ya yi ta juya yadda zai fara, duk maganar da ya ɗauko sai ya ji ta yi kama da ta mutumin da ya yi nadamar alheri. Ya san kuma labarin zai kai tashar Shinkafi kafin Alhamis mai zuwa.

Ya sami Jafaru da hantsi a wani masussuki a gefen gari, ana loda masa buhunan gero, ƙaiƙayi ya rufe masa gira. Jafaru ya gane shi tun daga nesa, ya taho da fara'a, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya sa aka kawo masa fura. Yana ta gaya wa masu lodin cewa wannan ne dattijon da ya ba su labari. Wannan ya ƙara wa Na'Allah nauyi. Ya ajiye ƙwaryar bai sha ba, ya ja shi gefe.

"Jafaru, na zo ne in janye maganar da na yi a Shinkafi. Motar ba tawa ba ce, ta marayu ce. Na yafe abin da ba ni da iko da shi."

Fara'ar ta bar fuskar Jafaru. Ya ce a gaban mutane fiye da talatin aka yi fatiha, kuma ya miƙa kuɗi aka mayar masa. In da an gaya masa tun a can, da ya san abin yi, amma yanzu bashin taki ma bai gama fita daga wuyansa ba, ina zai samo dubu ɗari da arba'in? Na'Allah ya ce ba aljihunsa ya zo nema ba, ya ciro 'yar takardar Malama Rashida ya yi masa bayani kamar yadda aka yi masa. Jafaru ya saurara har aka zo kan rahoton 'yan sanda, a nan ya girgiza kai. Kaka ce, a wata biyun nan yake samun abin da zai ci shekara. In ya kai kansa aka riƙe masa Kanta ko na mako ɗaya ne, wa zai ciyar da nasa yaran? Ya ce a yi haƙuri, ya juya ya koma wurin lodi.

A dā, nan ne Na'Allah zai ce ba komi ya nemi motar komawa. Maganar ta zo masa har baki, ya haɗiye ta. Ya nemi inuwar wata tsamiya ya zauna inda Jafaru zai riƙa ganinsa. Aka gama lodi, Kanta ta kai kaya kasuwa ta dawo, yana nan. Aka kira azahar, suka yi alwala da buta ɗaya, suka yi salla a sahu ɗaya, ya koma gindin tsamiyarsa. Furar tana nan inda ya ajiye ta, ƙudaje sun kewaye faifan.

Can Jafaru ya buɗe ƙofar Kanta ya daɗe yana lalube, ya taho da wata leda ya tsuguna a gabansa. Ya ce tun ranar bai ji daɗin ransa ba, domin ya ga yawan ruwan da ya zuba, ya san ba ƙaramar ɓarna ba ce, amma da aka ce an yafe sai ya gudu da yafiyar kafin a sake shawara. Ya zaro takardar inshorarsa, ta yi laushi saboda naɗi.

"Shekara shida ina biyan wagga takarda, Baba, ban taɓa ganin ta yi aikin komi ba sai a nuna a shinge a maido min. In da gaske tana da rai, mu tahi mu gani. Amma kai za ka shiga gaba wurin 'yan sanda, ka hwaɗa musu ba rigima tsakaninmu."

Na'Allah ya ce ya ɗauki wannan. Sai a lokacin ya jawo ƙwaryar furar.

Abin bai zo da sauƙi ba, amma bai kai yadda suka ji tsoro ba. Ranar Alhamis suka haɗu a Shinkafi, shugaban tasha ya bi su ofishin 'yan sanda ya ba da shaida, Na'Allah ya yi magana da farko kamar yadda ya alkawarta, aka rubuta rahoto, Jafaru ya fita da Kantarsa a ranar. A tasha wasu sun yi ta gunaguni cewa Ba-komi ya lalace, ya fara bin mutane da takarda. Wani dattijo ma ya ƙi amsa masa gaisuwa. Ya ji zafin wannan. Dalhatu ya ɗauki hotunan lagireton da wayarsa ta kowane gefe, ya sa aka rubuta kimar gyara ya dangwala hannu, yana cewa a tabbata an rubuta cewa kukar ba ta cikin lissafi, kyautar mai mota ce. A Gusau Malama Rashida ta duba ta ce takardar Jafaru mai rai ce, sai dai ta wani kamfani ce, ta kira su a waya ta kwatanta musu ofishin. Sau uku Na'Allah yana komawa, sau ɗaya don an ce hoton lambar mota bai fito ba.

Kwana ukun Magaji sun daɗe da cika. Abin da ya tsayar da dillali shi ne, wata rana Jafaru ya biyo ta Ƙaura da kaya, ya tsaya ya yi sallama a zauren marigayi, ya gaida Magaji, ya ce shi ne ya yi ɓarnar kuma ya sa hannu a takarda. Ya sauke wa yaran tiya biyar ta sabon gero. Magaji ya dube shi ya dubi Na'Allah, ya ce zai jira har a gama ɗaurin dawa, daga nan ba zai ƙara kwana ba.

Ita kuwa motar ba ta kwanta ba. Dalhatu ya kwana biyu yana zura siririn ƙarfe a bututun ɗaya bayan ɗaya yana fitar da kuka, yana zagin taubashinsa da kowane bututu. Ya yanke taran da suka yage ya matse bakinsu, ya liƙe tankin da gam, ya ɗaura wata tsohuwar fanka ta aro. Ya gargaɗe shi cewa wannan ba gyara ba ne, lallaɓawa ce: ban da Shinkafi, ban da lodin buhu, ban da tafiyar tsakar rana. Haka Na'Allah ya koma ɗan gajeren zangon Ƙaura zuwa Zurmi, sawu biyu da safe, ɗaya da yamma, jarka a but. Abin da yake kai wa zaure ya ragu, amma tun daga nan bai ƙara yankewa ba.

A mako na bakwai, ana tsakiyar yankan dawa, kuɗin suka shigo. Ba su cika ba, an zabge wani abu a kan cewa fitilar da ma tsohuwa ce, amma da ɗan abin da ke hannun Murja sun isa. Mubaraka ce ta karanta saƙon a waya a gaban baffanta, sau biyu, don ya ce ta maimaita. Magaji ya shafa gemu. Bai ce ya fasa sayarwa ba, bai kuma sake ambatar gonar ba. Da Na'Allah ya tashi tafiya, sai Magaji ya bi shi har ƙofa ya tambaye shi a hankali ko babur ma yana da irin wannan takarda, domin akwai wata a ƙarƙashin sirdin nasa da bai san amfaninta ba.

Dalhatu ya ɗaura lagireton da aka kawo, tsohon kuma ya rataye shi a jikin bedi, duk wanda ya zo gyara sai ya nuna masa ya ce ga tukunyar miyar Ba-komi. Sunan bai bar Na'Allah ba, halin ma bai bar shi ba. Har yanzu in fasinja ya ce kuɗinsa bai cika ba yakan ce ba komi, sai dai yanzu daga nasa kason yake cikawa, kuma in abin ya shafi jikin motar yakan ce a dakata, ba shi kaɗai ke da magana ba. Direbobin da suka yi gunaguni sun fara zuwa ɗaya-ɗaya, kowa da ledarsa, suna tambayarsa yadda ake gane mai rai da ta bogi. Yakan ciro 'yar takardar Malama Rashida, wadda ta fara yagewa ta wajen naɗi, ya yi musu bayani a hankali.

Alhamis ta farko bayan gyaran ya yi lodin Shinkafi tun da sassafe. Ya duba ruwa, ya rufe bonet, ya yi bisimilla. Har ya wuce kwanar Badarawa idonsa na komawa kan allurar zafi, ita kuwa tana nan tsakiya ba ta motsa ba. Ya shiga kasuwa ya nemi wuri nesa da gindin manyan motoci ya ajiye jar motar Halilu.